Wankin Ɗalha Mai Hoto

Shagona na ɗinki da na Malam Ɗalha Mai Hoto katako ɗaya ne ya raba su, a layin da ke gangarawa kasuwar Maigatari. In ya yi tari ina ji, in kekena ya cinye zare yana jin irin maganganun da nake gaya wa keken. Tun gashina na baƙi muke maƙwabtaka, yau ga shi sai da tabarau nake zura allura. Sunana Ya'u, kuma ba ni da haƙuri, kowa a layin ya sani. Shi kuwa Malam Ɗalha haƙurinsa har haushi yake ba ni.

Mutumin Sule Tankarkar ne. Yana saurayi ya shiga Gumel ya koyi ɗaukar hoto wajen wani Bayerabe. Da ya samu 'yanci ya zo Maigatari ya kama wannan shago, ya keɓe lungu guda ya toshe duk wata kafar haske, ya jera tasoshin ruwan magani, ya ɗaura igiyar shanya. Nan yake wanki. A bakin masu hoto, wanki shi ne a tsoma farar takarda a ruwan magani a yi ta jujjuyawa har fuskar mutum ta fito. Ya taɓa shigar da ni lungun don in gani. Ido ne ke fara fitowa, sannan hanci, sannan hula. Na ce masa tsakanin wannan da tsafi bambancin kaɗan ne, ya ce in fita kar in ɓata masa aiki.

Da keke ya fara yawo, daga baya ya sayi babur. Daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar da wuya ka samu firamaren da bai jera 'yan ajinta a gindin bishiya ba. Ranar Alhamis kuwa, ranar kasuwa, mutanen tsallaken iyaka ne ke cika masa benci: wannan ɗansa zai shiga lakwal, wato makarantar bokon can, wancan ya sayar da raƙumi yana so a ɗauke shi da sabon rawani. In ka shiga tsohon gida a ƙasar nan ka ga hoto a bango ya yi ja-ja, juya bayansa, hatiminsa za ka gani.

Da fim ya ɓace a kasuwa, dole ta sa ya sayi kyamara mai memori, da firinta, da wata kwamfuta 'yar gwanjo, irin mai babban akwati da ake turawa ƙarƙashin tebur. Ba koyon ta ya yi ba, hanya ɗaya ya haddace a cikinta: ya jona, ya buɗe, ya yanke, ya fitar. Ka kauce da shi kaɗan daga wannan hanya, ya ɓata. Lungun wanki ya koma wurin ajiye tabarma da buta, amma kalmar ba ta bar bakinsa ba. Firinta na turo takarda zai ce wa mai hoto, "Dakata kaɗan, ana wankewa." Ba shi kaɗai ba, duk garin haka muke cewa.

Matarsa Juwairiyya ce, ko da yake ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. "Mutanen gida" yake cewa, alhali su biyu ne rak a gidan, Allah bai ba su haihuwa ba. Abin mamaki, mutumin da ya ɗauki rabin fuskokin ƙasar Gumel, matarsa ba ta yarda da hoto ba. Ba wani malami ne ya hana ta ba. Ita dai ta ce ba ta so a riƙa kallon ta ba ta wurin. Ko katin zaɓe ba ta yanka ba saboda haka.

Sau ɗaya tak ya same ta. Ranar da ya sayo sabuwar kyamarar ya tafi da ita gida don gwaji. Tana tsakar gida tana tankaɗe, ya kira ta, ta ɗago za ta amsa, ya danna. Ta yi masa faɗa sosai, ta ce ya goge. Ya yi ta lallashi har suka tsaya a kan sharaɗi: hoton ya zauna cikin na'ura, amma kada ya kuskura ya wanke shi, kada ta ji an ce an ga fuskarta a bangon shago. Ya kuwa cika alkawari.

Ciwonta bai yi tsawo ba. Wata damina aka kai ta asibiti, aka dawo da gawa. Dangi suka zo, suka yi zaman makoki, suka watse. Aka yi ta matsa masa ya sake aure, yana cewa to, yana cewa to, har masu matsawar suka gaji. A lokacin kuma waya ta riga ta cinye masa sana'a, kowa mai hoton kansa ne, sai 'yan fasfo ke leƙo shi. Tuwon bakin tasha ya koma ci. Wani lokaci mai ɗakina Naja'atu ta aika masa da kwano, ya dawo da shi da goro a ciki. Gida kuwa ba ya son komawa sai an kira magariba.

Bayan an yi arba'in na lura da wani abu. Kullum bayan la'asar, in ƙafa ta ɗauke, sai ya juya fuskar kwamfutar ta kalli bango, ya ja kujera ya zauna shiru. Ni da bakina ba ya zama, rannan na leƙa na ce, "Malam Ɗalha, ko fim ɗin Indiya ka fara kallo da tsufanka?"

Bai ɗago ba ya ce, "Mutanen gida ne."

Na rasa inda zan sa kaina don kunya. A ranar ya ba ni labarin hoton, a taƙaice, yana kallon ƙasa. Bai nuna min ba, ni ma ban nema ba.

Kwamfutar ta tsufa tare da shi. In ya kunna ta da safe, sai ya je ya sha koko ya dawo ba ta gama farkawa ba. Cikinta na gurnani, can kuma ka ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ɓera ya shiga buhun gyaɗa. Hoton da a da yake buɗewa nan take ya koma sai an yi ta jira. Rannan ya ƙi buɗewa sam. Da ya doshi inda yake sai komai ya sandare, sai an zare wuta an sake kunnawa.

Ranar ya shigo shagona, abin da bai saba ba, ya zauna kan buhun ƙyallaye. Ya ce, "Ya'u, zan wanke shi."

Na ce, "Alkawarin fa?"

"Bangon shago ta hana. Ba ta ce komai a kan aljihuna ba." Sannan ya ce, "Yanzu in na rufe ido, zanin nake gani, da rariyar. Fuskar sai ta riƙa guje min."

To amma ta yaya zai wanke abin da ya ƙi buɗewa? Wani malamin sakandare da ya zo hoton fasfo, ya gaji da jira, shi ya ce masa ciwon a faifan ajiya yake, kuma yanzu akwai wani sabon iri mai sauri. Ya kwatanta masa shagon wani Hamza a Gumel. Na ce zan raka shi, dama ina da sayayyar zare. Muka shiga motar haya, ya ɗora akwatin a cinya ya rungume, ya hana kwandasta sa shi a but.

Hamza magidanci ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe mu. Shagonsa kashi biyu ne. Gefe guda gyara, ɗaya gefen wani ƙaton inji ne da yake buga wa mutane kalanda da fastoci. Tun da muka shiga idon Malam Ɗalha ke kan injin nan.

Hamza ya kwance akwatin, ya zaro wani ƙarfe mai nauyi kamar tafin hannu. Ya ce, "Baba, wannan shi ake kira had-dis."

Na ce, "Ashe har hadisi ake sa musu, shi ya sa ba sa ƙarya."

Hamza ya yi dariya ya ci gaba. "A cikinsa faifai ne ke juyawa, da 'yar allura tana bin sa tana nemo abin da ka tambaya, kamar garmaho. In ya tsufa ya cika, sai allurar ta yi ta yawo, ƙarar da kake ji ke nan. Shi kuwa wannan," ya ɗago wani ɗan falle mara nauyi, "Es-Es-Di ne. Ba abin da ke motsi a cikinsa, kamar memorin kyamararka yake. Ba ƙara, ba jira. Aibinsa ɗaya, wanda ke hannuna cikinsa bai kai na tsohon ba. Ba zai ɗauke kayan da ke nan ba."

Malam Ɗalha ya ce, "To tsohon fa?"

"Bai mutu ba, gajiya ce. Zan sa maka shi a ɗan kwanso, ka riƙa jonawa ta waje kana ajiya. In wanke maka shi?"

Na ga Malam Ɗalha ya gyara zama. Ya dubi ƙaton injin nan, ya dubi Hamza. "Kana iyawa?"

"Sosai, Baba."

"Duka?"

"Duka, tas."

"Da yawa fa, ɗana. Na shekara da shekaru ne."

"Ko nawa ne. Ko ɗaya ba zan bari ba."

"Ko ƙanana-ƙanana ne ba laifi."

"Manya da ƙanana, duk za su fita."

Kada in ci haƙƙin Hamza, ya yi tambaya. Ya ce, "Akwai wani abu na musamman da kake so in ware maka gefe?"

Nan ne fa. In Malam Ɗalha ya ce akwai, sai ya zauna kafaɗa da kafaɗa da sa'an ɗansa, su yi ta buɗewa har a zo kanta, ya nuna da yatsa ya ce wannan ce. Dattijo bai yin haka. In kuwa aka wanke duka, fuskarta na cikin dubban fuskoki, ba wanda zai san wace ce sai shi, ya zare kayansa a natse. Ya ce, "A'a, duk ɗaya ne. Ka dai wanke."

Ina tsaye a wurin, kuma abin da ya ji shi na ji. A mota har rake ya saya min. Rabon da in ga haƙoransa a waje tun kafin damanar da matarsa ta rasu.

Kwanakin da muka yi jira ya share shago, ya binciko tsohon madubinsa na duba ƙananan hotuna ya goge. Ya sayi 'yar leda mai kauri, irin ta sa katin shaida, daidai aljihun gaba. Ranar karɓa kuma ya ɗauko babbar jaka ya naɗe a hammata, ya ce takardun za su yi nauyi.

Hamza ya tarbe mu da murna. Ya ce, "Baba, zauna ka gani." Ya danna, kafin Malam Ɗalha ya gama tattara riga ya zauna, kwamfutar ta buɗe. Malam Ɗalha ya kara kunne jikin akwatin, shiru kamar ba a kunna ba. Ya jinjina kai ya sa albarka. Sannan ya waiga hagu da dama, ya ce, "Ina wankin?"

Hamza ya ja aljihun tebur ya ɗauko ɗan kwanso baƙi da wayarsa. "Ga shi, na wanke shi tas, ya koma kamar sabo. Kuma da na ji Baba Ya'u ya ce kai kaɗai kake wuni, sai na ga bai kamata in ba ka shi wayam ba. Na cika maka shi da karatun Alƙur'ani da tafsirin azumi, har ba wurin sa tsinke."

Malam Ɗalha ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi. "Takardun fa?"

"Wace takarda, Baba?"

Hamza ya dubi jakar da ke hammata, ya dubi injinsa, sai na ga murmushin ya bar fuskarsa. A hankali ya ce, "Baba, mu a aikinmu in an ce a wanke faifai, gogewa ke nan. A share duk abin da ke ciki." Sannan ya tambaya, "Akwai abin da kake buƙata a ciki?"

Na buɗe baki, Malam Ɗalha ya taka min ƙafa. Ya ce, "Hotunan mutane ne. Kowa ya karɓi nasa. Allah ya yi maka albarka."

Muna fita na hau shi da faɗa, a bakin titi, mutane na kallo. Na ce ya bar ni in koma in gaya wa mutumin nan abin da ya yi. Ya ce, "Me ya yi? Abin da na ce ya yi shi ya yi. Har da kyauta." Ya rungume akwatinsa ya nufi tasha. Daga Gumel har Maigatari zuciyata kamar ta fashe, don haushi da tausayi.

Ban bi maganarsa ba. Na ari kwanson da sunan zan saurari tafsiri, na koma Gumel ni kaɗai na zayyana wa Hamza komai. Na je ne da niyyar in wanke shi tas shi ma, amma da na ga yadda ya zame ya zauna a ƙasa ya dafe kai, sai na fasa faɗan. Ya ce, "Baba, da gogewa kaɗai na yi, da akwai dabara. Irin wannan tsohon faifan, sawun abu na nan kwance har sai an ɗora wani a kansa. To na ɗora. Karatun nan a kansu ya kwanta." Duk da haka ya rufe shago ya yi iya yinsa, har Kano ya kai wa wani abokin sana'arsa. Abin da ya tsira kaɗan ne, wasu ma rabi hoto rabi toka-toka.

Da kansa ya kawo su Maigatari, ya durƙusa a ƙofar shago yana neman gafara, idonsa ya yi ja. Malam Ɗalha ya ɗago shi, ya ba shi ruwa, ya ce ya daina, ba laifinsa. Ni kuma ya yi min wani kallo da har yau ban manta ba.

Da Hamza ya tafi, Malam Ɗalha ya jona, ya fara dubawa. Sabon faifan kuwa ba ƙarya, da ya danna sai fuska, da ya danna sai wata. 'Yan makaranta, fatake, maniyyata, dattijan da muka yi wa salla tuntuni. Da tsohuwar kwamfutar ce da ya yi sati yana sa rai. Wannan kafin a kira la'asar ya kai ƙarshe. Ya sake komawa farko, ya kuma kai ƙarshe. Ba ta ciki.

Yanzu aikinsa na tafiya yadda ake so. 'Yan fasfo na yabawa, mutum bai gama gyara hula ba an miƙo masa hotonsa. Karatun ma yakan kunna, ya ce mai muryar ya iya. Ta cikin katako ba na jin gurnani, ba na jin ƙas-ƙas, wani lokaci sai na tsayar da keke na saurara in tabbatar yana nan.

Rannan da yamma, ina yankan wata shadda, ya shigo ya tsaya a kaina. Ya daɗe yana kallon almakashi. Can ya ce, "Ya'u, zan tambaye ka, kada ka yi min dariya. Akwai wata 'yar tsaga a kumatunta. Dama ce ko hagu?"

Na ajiye almakashin. Na ce, "Malam Ɗalha, ni ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskar iyalinka ba. Ko a hanya muka haɗu, ƙasa nake kallo. Ka bari in tambayi Naja'atu."

"A'a, kada ka tambaya. A ce mijinta ne ya manta?"

Ya juya zai fita. Ban san abin da ya sa na ce ba, na dai ga ba zan iya barin sa ya fita haka ba. Na ce, "Abin da na sani nata ɗaya ne. Duk salla kai kake kawo min atamfa da tsohuwar rigarta in auna. Awon na nan a kaina, faɗin kafaɗa, tsawon hannu, wuya."

Ya tsaya a bakin ƙofa, bayansa gare ni. Ya ce, "Nuna min kafaɗar."

Na zaro tef daga wuyana, na ja, na sa babban yatsa a inda ya kamata. Ya dawo ya karɓa, hannu ɗaya a farkon tef ɗin, ɗaya a inda yatsana yake. Ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa, ya miƙar, yana kallon abin da ke tsakanin hannuwansa biyu.

Ya ce, "Ashe 'yar ƙarama ce."

Wani ya yi sallama a shagonsa yana neman fasfo. Bai amsa ba, ni na leƙa na ce wa mutumin ya dawo gobe.